Ranar da Na Ce Ba Tawa Ba Ce

Ban taɓa kiran sunanta da bakina ba. Ƴar fari ce, kuma a garinmu, can gefen Waca, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yaba shi a gaban mutane, in ma baƙo ya tambaye ta sai ta ce ba nata ba ne. Haka na tarar uwata tana yi da yayanmu, haka ni ma na yi. Ita kuma yarinyar ba ta ce mini Inna. Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna faɗi.

Da aka yaye ta, aminin mahaifinta ya zo daga Magarya da matarsa suka ɗauke ta riƙo. Ba danginmu ba ne, ko ta wajen uwa ko ta wajen uba. Tare dai suka yi fataucin gyaɗa da marigayi maigidana tun suna samari. Shi Allah ya buɗa masa, ya zama Alhaji mai magaza, wato babban ɗakin ajiyar kaya, mu muka tsaya a gona. A lokacin matarsa ba ta samu haihuwa ba. Na goya yarinyar har bakin mota, na kwance ta na miƙa, na dawo na ci gaba da surfen da na bari a turmi don kada a ce na damu. Geron nan ya sha duka ranar.

Alhaji ya riƙe ta da kyau, ba zan ɓoye ba. Shi ya sa ta lakwal, makarantar boko, shi ya kai ta Damagaram, shi ya biya mata karatun lissafin kuɗi a Yamai. Baba take ce masa. Amma a takardar haihuwarta sunan maigidana ne, don haka duk wanda ya bi takarda ba zai ga Alhaji a ko'ina ba. Da ta gama ta samu aiki a wani biro, wato ofis, mai zaman kansa a Damagaram, inda suke duba wa ƴan kasuwa lissafinsu. Mutanen gari suka sa mata Kontabul, wato mai lissafin kuɗi.

Ni kuwa sai da na aurar da ƴaƴa uku sannan na shiga yaƙi da jahilci. Bayan la'asar muke zama a rumfar kara, mu mata goma sha wani abu, malamarmu tana nuna mana baƙi da alli. Abin da ya fi mini daɗi shi ne ranar da na daina dangwala yatsa a tawada, na rubuta sunana da kaina. Ina da kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango, nakan rubuta abin da ba na son in manta: ranar da aka yi shuka, ranar da akuya ta haihu.

Wata shekara aka ce gwamnati ta kawo takin zamani mai rahusa, kowane gida ya je ya yi rajista. Na je na sa hannu a kan buhu biyu, na biya. Aka ba ni ɗaya, aka ce ɗayan yana hanya. Damina ta zo ta wuce yana hanya. Ba ni kaɗai ba ce, rabin gari haka aka yi musu. Takin kuma daga magazar Alhaji yake fitowa, shi aka ba ajiya da rabon yankinmu. Na rubuta a kayena, na yi shiru. Mutumin da ya riƙe miki ƴa ba ki zuwa ƙofarsa a kan buhu ɗaya.

Bayan kaka sai yarinyar ta kira wayar gwaggonta, ƙanwar maigidana da muke zaune gida ɗaya tun da mijinta ya rasu. Ta wurinta saƙonmu yake bi kullum. Ta ce gwamnati ta aro ta. Masu bincike na gwamnati ba su da isassun masu lissafi, sai suka je biro-biro suka ari mutane na wata uku, su bi Magarya da Dungas su gano inda taki ya maƙale.

Na ce wa gwaggonta, "Na san aron turmi, na san aron jaki. Yau kuma mutum ake ara?"

Ta ce, "Ji ta! Wa ya fara ba da aron yarinyar nan in ba ke ba?"

Muka yi dariya. Amma maganar ta zauna mini. Abin aro kullum gida biyu gare shi, wanda ya fito da wanda yake ciki, kuma kowanne yana ganin yana da hakki a kansa.

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, kafin su fara aiki an ba kowannensu takarda ya cika. Takardar tana tambaya ko kana da dangi cikin waɗanda za a bincika: uba, uwa, miji ko mata, wa ko ƙane, kawu, baffa, suruki. In kana da shi a ciki, sai a kai ka wani wuri, kada hannunka ya yi sanyi a kan naka. In kuma ka ɓoye aka gano, an kore ka ke nan, kuma duk abin da ka duba ya zama banza. Ta karanta layin nan ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ba uba ba ne a takarda, ba kawu ba, ba baffa ba. Ta rubuta babu, ta sa hannu.

Ran wata Laraba da hantsi farar mota ta tsaya a ƙarƙashin gawon ƙofar mai gari. Masu binciken ne, su huɗu har da ita, suna tara manoma suna tambaya, kowa buhu nawa ya sa wa hannu, nawa ya karɓa. Da rana ta take sai ta kawo su gidanmu su sha ruwa. Na dama fura da nono mai kyau, na shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki.

Babbansu dattijo ne mai furfura, mutumin yamma, daga bakin kogi. Hausarsa tana ɗan karkacewa amma yana da barkwanci. Ya sha ludayi uku ya ce wannan fura in an kai ta Yamai sai an sa mata jandarma ya yi gadinta. Sannan ya dube ni.

"Inna, ke ce mahaifiyar madam? Kin haifi ƴa mai kai. Kuskuren dala ɗaya ba ya wuce ta."

Mata uku na maƙwabta sun leƙo suna kallo. Yabon ƴar fari, a gabana, a gaban mutane. Na ja mayafi na rufe rabin fuska, na faɗi abin da na saba faɗi shekara talatin.

"Ni? A'a, ba tawa ba ce. Ƴar gidan Alhaji ce, mai magazar nan ta Magarya. Shi ya raine ta tun yaye, shi ya yi mata karatu. Ni ban san komai nata ba."

Matan suka kwashe da dariya. Gwaggonta ta ce, "Kada ka kula ta, ranka ya daɗe, kunya ce. Ita ta haife ta, ina wurin."

Shi bai yi dariya ba. Ya ajiye ludayin a hankali a bakin ƙwarya.

"Wane Alhaji, Inna? Wanda aka ba rabon taki?"

Na ce shi.

"A gidansa ta tashi?"

Na dubi yarinyar, abin da ba na yi a gaban baƙi. Tana kallon tabarma, bik ɗinta na rubutu a hannu tana juya shi. A nan na gane na fasa wani abu, amma ban san mene ne ba.

Dattijon ya gode da fura, ya miƙe. A zaure na ji yana mata magana da Faransanci, ƙasa-ƙasa, ba faɗa. Motar ta tafi ba da ita ba. Ashe washegari ne za su shiga magazar Alhaji, kuma ita aka ba littattafansa ta duba. Ya ce ta zauna gida, ranar Litinin ta kawo masa bayani a rubuce, daga nan zai san ko za ta ci gaba ko zai mayar da ita bironsu da takardar kora.

Da azahar muka zauna mu uku muna ɓarar gyaɗa. Ita ta fara.

"Gwaggo, ki faɗa wa Yaya ta gama da ni yau."

Na ce, "Ki ce mata ban san an hana faɗin inda mutum ya tashi ba."

"Ki ce mata ba a tambaye ta ba. Mahaifiya aka tambaya, eh ko a'a."

"Ki ce mata tun tana rarrafe amsata ke nan."

"Ki ce mata..."

Gwaggonta ta watsar da ɓawon da ke cinyarta. "Ku ji ni da mutane! Ni wayar salula ce? Ga ki ga ta, tsakaninku ko taku biyu babu. Ni na tafi ba awaki ruwa, ku cinye junanku." Ta tashi tana ɗingishi da ƙafarta mai ciwo, ta bar mu.

Ban taɓa zama da ita mu biyu kaɗai ba tun ranar da na kwance ta daga bayana. Na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan gyaɗa.

Na ce, "Takardar nan da aka ba ki, me ta tambaya?"

Ta lissafa mini.

"Ba ta tambayi wanda ya riƙe ka ba?"

"Ba ta tambaya ba, Yaya. Ban yi ƙarya ba."

"Ba ki yi ba." Na ɓare guda biyu. "Amma da kina rubuta babu ɗin, wa ya faɗo miki a rai?"

Ta ce, "Baba."

Daga nan maganar ta zubo. Ta ce ba ta yi niyyar ɓoye laifinsa ba, Allah ya sani. Ta dai ga gara ita ta duba da baƙo ya duba. In akwai abu, ita ta fara gani, ta san yadda za a faɗe shi ba tare da an tozarta tsoho ba. Ta ce ranar da ya ji tana cikin masu zuwa ya kira ta, bai roƙe ta komai ba, cewa kawai ya yi, "Alhamdu lillahi, ƴata ce za ta zo." Tun ranar ba ta ci abinci ya zauna mata ba. Ta kuma ce akwai shekarar da bironsu ya tsara masa lissafi, ita ta kai shi wurin maigidan bironsu da kanta, ko da yake ba ita ta yi aikin ba. Wannan ma ba ta rubuta ba.

Na shiga ɗaki na ɗauko kayena, na buɗe shafin na ajiye a gabanta. Rubutuna manya-manya ne, yana hawa yana sauka. Na sa hannu buhu biyu. Na karɓi ɗaya.

Ta daɗe tana kallonsa.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Saboda wanda ya sa ba ki rubuta ba."

Ta yi ƴar dariya, hawaye na zuba. Na ce mata ni ban san aikinsu ba, amma na san awo. In mai awo ta zo auna geron uwarta a kasuwar Waca, ko ta cika tiya daidai, masu kallo za su ce ta danna. In ta rage kuma don a ce ba ta danna ba, ta cuci uwarta. Shi ya sa mai hankali take miƙa wa ta kusa da ita kwanon. Na ce, "In kin wanke shi, gari zai ce ƴarsa ce ta wanke shi, wankin bai yi masa amfani ba. In kin kama shi, ke da shi har abada. Ni ban ga inda za ki tsaya a magazar nan ba."

Ta ce, "Yanzu ai ba sauran zaɓi, kin riga kin zaɓa mini."

Na ce, "To, ki yafe mini."

Ba ta ce ta yafe ba. Ta ɗauki bik.

Kwana biyu tana rubutu tana yagewa. A ƙarshe ta rubuta komai: riƙon, kuɗin karatu, wayar da ya yi mata, shekarar da bironsu ya yi masa aiki, har da cewa mahaifiyarta tana cikin masu jiran buhu. Na ce wannan na ƙarshen ai ba dole ba ne. Ta ce shi ma dole ne, don ta wannan gefen ma ana iya cewa ta karkata. Ta karanta mini da Hausa, sannan ta ce dattijon ya nemi a samu shaida daga gida, layi biyu, cewa riƙo ne irin na al'ada, ba wata yarjejeniya.

"Gwaggo ba ta rubutu," in ji ta, tana kallon gefe.

Na karɓi takardar. Na rubuta, ni ce na haifi, sai hannuna ya tsaya. Wurin suna ne. Gwaggonta tana bakin ƙofa ta ce, "Rubuta mana, matar yaya. Baki aka hana, wa ya hana alƙalami?" Na rubuta shi harafi-harafi. Ban taɓa ganinsa da rubutuna ba. Gajere ne ashe.

Ranar Litinin ta shiga motar haya ta tafi. Mu muka zauna jiran waya. Sai bayan la'asar ta kira gwaggonta. Ba a kore ta ba. Dattijon ya karanta, ya ce ya kamata ta faɗa tun farko ko takarda ba ta tambaya ba, kuma zai rubuta hakan a fayil ɗinta, zai bi ta. Ya cire ta daga duk abin da ya shafi Magarya, ya hana ta ko taɓa littattafan, ya mayar da ita ɓangaren Dungas, can wajen Guci inda ba ta san kowa ba. Aka kawo wani daga Yamai ya karɓi wurinta. Ta ce a gabanta dattijon ya ɗauki sauran takardun cikewa ya ƙara layi da hannunsa a ƙasan suruki: wanda ya riƙe ka, ko wanda ka riƙa. Ya sa duka sauran suka sake cikawa. Mutum ɗaya a cikinsu ya ɗaga hannu ya ce shi ma yana da magana.

Maigidan bironsu kuwa ransa ya ɓaci, don sunan bironsa ya shiga bayani. Wata shida yana gaishe ta da ka kawai.

Saura Alhaji. Labari ya kai masa cewa ƴarsa ta janye, kuma daga bakina abin ya fito. Na ga bai kamata ya ji ta bakin kasuwa kawai ba. Na shiga mota da safe na tafi Magarya da ɗan ƙuli-ƙuli a ƙullin zane. Matarsa ta amsa gaisuwata a tsaye. Shi yana zaure a kan buzu, carbi a hannu, ya rame.

Bayan gaisuwa ya ce, "Da hannunki kika ba ni ita. Yau kuma da bakinki kika karɓe."

Na ce, "Alhaji, ban karɓe ba. An tambaye ni, na ce taka ce. Abin da nake faɗi ke nan tun ranar da kuka zo da mota."

"A gaban masu bincike?"

"Ban iya wata amsa ba."

Ya ja carbi. "Da ita ce ta duba, da ta fahimci yadda abin ya faru. Baƙo ba ya fahimta, lamba kawai yake gani."

Na ce, "Da ta fahimta, da an kore ta. Karatun da ka biya ya tafi a banza."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Ban ambaci buhuna ba, shi ma bai ambata ba, amma na san ya san sunana yana cikin littafinsa.

Binciken ya ɗauki lokaci. Abin da muka ji shi ne wani takin tun a hanya ya ragu kafin ya iso gare shi, wani kuma a hannunsa ya fita, ya sayar da niyyar mayarwa in kaya na biyu sun zo, kayan ba su zo ba. Aka sa shi ya biya nasa kason, aka karɓe rabon daga hannunsa. Ya sayar da shanu da fili ɗaya. Ba a ɗaure shi ba. Buhuna ya iso wata rana a amalanke, bayan an yi huɗa ta biyu, lokacin da ba shi da sauran amfani a wannan shekarar. Na ajiye shi a rumbu.

Ita ta gama wata ukunta a Dungas ta koma bironsu. Da shekara ta zagayo masu binciken suka sake neman aro, dattijon ya ambaci sunanta da kansa. Amma Alhaji bai ɗauki wayarta ba. Ta je gaishe shi da ƙaramar salla, aka ce yana barci, da hantsi. Ta zauna wurin matarsa ta sha ruwa ta fito. Nakan yi tunani, da na ce eh kawai ranar nan, da me zai faru? Wataƙila da ba wanda ya sani har yau. Wataƙila kuma da wani ɗan Magarya ne zai faɗa bayan an rufe rahoto, lokacin da ba sauran gyara. Ban sani ba. Na san dai ba hikima ce ta sa na yi magana ba, kunya ce.

Kowace kaka Alhaji yakan aika mata man gyaɗa galan ɗaya, tun tana ɗaliba. Shekarar binciken bai aika ba. Kaka ta biyu sai ga direban motar Magarya ya sauke galan a ƙofar gidanmu, ba Damagaram ba. Ya ce Alhaji ya ce a ba ni, in kai wa ma'aikaciyar gwamnati, idan dai karɓa ba laifi ba ne a dokarsu.

Gwaggonta ta ce, "Tsohon nan har yanzu bakinsa da kaifi." Ta ɗauko waya za ta kira, na miƙa hannu. Ta dube ni, ta ba ni.

Da ta ɗauka ta ce, "Gwaggo?"

Na ce, "Ni ce." Na faɗa mata saƙon yadda aka faɗe shi, ban rage ba.

Ta ce, "An rufe rahoton tun bara, Yaya. Ba laifi ba ne." Na ji tana jan hanci. "Kada ki aiko. Ranar Juma'a zan zo in ɗauka, sai mu wuce Magarya tare in yi godiya. Ba na son in shiga zauren nan ni kaɗai."

Na ce to. Na sa galan ɗin a ɗaki bayan randa inda rana ba ta kai, na fito da zanen da zan ɗaura ranar Juma'a na shanya shi ya sha iska.